Ruwan Shuka Ya Sauka, Na'urar Rumaisa'u Ta Ƙi Buɗewa

Ranar da anka yi ruwan shuka a Tudun Anza, ni ina nan Dogon Dutsi ina dama kunu, ban san hali ba sai da Maimunatu ta kira ni. Maimunatu ita ce matar ƙanena Mani, wanda Allah ya yi ma rasuwa bara bayan girbi. Ko gaisuwa ba ta ƙare ba ta ce, "Yaya, ruwa ya kwana zuba. Ɗiyan Nuhu sun hito da sungumi da iri, kwarinmu sunka nuhwa."

Bari in gaya muku wane ne Nuhu, don ni ba na son cin naman mutum ba a san shi ba. Gonarshi ce ke manne da ta Mani, can ƙauyenmu kan hanyar Sukukutane. Tun da anka ruhe Mani ya hwara cewa kwarin gonar, inda laima ke daɗewa, na ubanshi ne, aro anka ba mu. Layin gambar da ke raba gonakin kuwa anka wayi gari cikin rani an tumɓuke shi, wai awaki ne. Ni cikin awaki na girma, ban taɓa ganin wadda ke yawo da kalme tana haƙa ba. Kwarin nan shi ke ciyar da Maimunatu da ƙananan ɗiyanta. Sauran gonar tudu ne, rairai zalla, sai shekarar da ruwa ya yi yawa yake ba da abin kirki.

Kuma wajenmu, duk wanda irinshi ya riga shiga ƙasa, ba a tone shi. Babu maigarin da zai buɗe baki shi ce a tone hatsi. Sai a ce a bari a girbe tukuna. In an girbe, baɗi mutum shi ce ai bara ma ni na noma ta. Haka gona ke sulalewa daga hannun marayu kowa na kallo.

Shaida guda gare mu. Rumaisa'u, babbar ɗiyar Mani, ta taɓa ɗaukar bidiyon ubanta da wayar salula shina bin iyakar gona, shina nuna mata gawo da kalgo da layin gamba. Suna cikin haka Nuhu ya biyo kan amalanke, sunka gaisa, ya nuna gambar da bulalar jakinshi ya ce nan tashi ta tsaya. Salular ta mutu tuni, amma bidiyon na cikin na'urar Rumaisa'u, kwamhyuta irin mai murhi. Maigari ya sa Juma'a a kawo a nuna gaban jama'a. Ruwa bai jira Juma'a ba.

"Maigari ya aika musu su hwara da tasu gonar," in ji Maimunatu. "Ya ce shina iya riƙe su har la'asar. Daga nan ba shi iya hana mutum shuka ƙasa na shanyewa."

Na aje ludayi na ƙwala ma Rumaisa'u kira. Ita da ƙanenta Abdulwahabu wajena suke zaune. Ita ta yi karatun na'ura Dosso, tana buga ma mutane takardu. Shi kuwa atamhwa yake saidawa kasuwa, kuma tun da ya aje gemu ya ɗage wando nake ce mishi Ustaz, shi ko ya bar kulawa. Na'urar ta su biyu ce, haɗa kai sunka yi sunka saya.

Munka tsara abin nan take: ta duba bidiyon, Ustaz shi goya na'urar bisa moto, babur ɗinshi, shi kama hanya. Ta buɗe murhin, ta danna. Huskar na'ura ta yi baƙi ƙirin, sai ɗan rubutu hwari can sama da wata ƴar sanda tana ƙibta ido. Na matso na haɗa baƙaƙen da ɗan karatun lekwal, bokon da ya rage mini: e, r, r, o, r. Wannan ko da ƴar Faransancina na san ba albishir ba ne.

Ta kashe, ta kunna. Haka. Ta sake. Haka.

"Girub ne ya ɓata hanya," ta ce, muryar can ƙasa.

"Wane ne kuma Girub? Baƙo munka yi ban sani ba?"

Ba ta yi dariya ba. Abin da na gane daga bayaninta ga shi. Na'urar gida ce mai ɗaki biyu. Na Abdulwahabu sunanshi Windos, nata Linuks, kuma wanda ke cikin nashi ko ƙohwar nata ba shi gani. Girub shi ne ɗan tsohon da ke zaune zaure. In ka kunna shi tambaye ka wane ɗaki za ka, shi buɗe maka. To amma mabuɗan nashi ɗakin Rumaisa'u yake aje su, lambar ɗakin kawai ya riƙe a kai. Yau ya tahi lambar da ya sani ya iske ba ɗakin ba ne. Shi ke nan ya zauna tsakar zaure, bai buɗe nata ba, bai buɗe na Ustaz ba. Mani na ciki, mu muna waje.

"Abdul, wa ya taɓa ta?"

Shina tsaye bakin ƙohwa da mabuɗin moto a hannu. Ya ce, "Ni dai lahiya lau na kashe ta jiya, Yaya."

"To miƙo mini kilen da na rataye bayan ƙohwa." Wannan kile, ɗan abin ajiya da ake soka ma na'ura, in ji ta, irin wannan rana ta aje shi domin ta. Da shi ake tayar da na'ura ta bayan gida, ba sai an bi ta zaure ba.

Ustaz ya dubi ƙusa, ƙusa ta dube shi.

"Baƙin nan mai igiya? Shina butik, shagona na kasuwa. Na sa shi watan jiya, na'ura ta ce ba ta gane abin da ke ciki ba, in wanke shi. Na ɗauka hwanko ne. Karatu na zuba ciki, shi nake sa ma lasifika."

Rumaisa'u ta ruhe ido. Na tambaya ko ba a sayen irinshi kasuwa. Ta ce kilen ake saye, abin da ke ciki sai an jawo shi ta rezo, wato intanet, kuma da rezon garin ga sai a wuni a kwana. Ga shi iskar da ta rako ruwan ta kayar da wayar lantarki, babu kuran duk unguwa tun asuba. Batirin na'urar kuwa sa'ana ne, in ya tashi da sahe da ƙarhi, kahin rana ta yi tsaka ya hwara neman wurin kwanciya.

Ta jawo tabarma ta zauna sosai. Ta ce akwai wata hanya, a yi ma tsohon magana da hannu, a kai shi ɗakin da kai. Ta buga baƙi biyu, l da s. Na'ura ta jero wasu abubuwa cikin ƴan ƙahoni, baka biyun nan na rubutu. Ta bi su da yatsa, ta sake bi.

"Ɗaki ɗaya ya ƙaru," ta ce. "Ni na raba gidan ga da hannuna, na san adadinsu. Ɗaya ya ƙaru."

Ustaz ya ce bari shi je shi duba iskar tayar moto.

To ni Allah bai yi ni da riƙe abu cikin ciki ba, kumburi yake sa ni. Na ce, "Ustaz, dawo. Jiya bayan la'asar da Rumaisa'u ta tahi barkar haihuwa, ba kai da Nazifi na gani ƙarƙashin rumhwa ba, kun haɗa kai bisa abin nan kamar masu duba? Nazifin da ke neman ɗiyar mai gyaran rediyo uban ya ce sai ya bar tsegumi? Har na ji shina ce maka, danna i, danna i, babu komi."

"Gwaggo, ke ba barci kike yi ba?"

"Idona ke barci, ɗan nan. Kunnena bai taɓa yi ba."

Ya tsuguna. Ya ce cikin ɗakinshi na na'ura akwai hotunan da dillalai ke turo mishi, mata sanye da atamhwa, wasu kai ba ɗankwali, shina nuna ma masu saye. Kuma nan ne karatun Alƙur'ani da wa'azinshi suke. Abin ya daɗe shina damunshi. Ko cikin ɗaki, in ji shi, ba a aje Alƙur'ani ƙarƙashin tarkace, sama ake yi mishi wuri shi kaɗai. Shi ne Nazifi ya ce ai ana iya yanka sabon ɗaki cikin na'ura, a kai karatun can. Sunka yanka, sunka kwashe karatun, ya kashe na'ura da zuciya sanyi.

Gaskiya ban samu abin zagi cikin maganar ba, kuma na nema.

"Ka gina ɗaki tsakiyar gida," in ji Rumaisa'u, "duk lambobin da ke bayanshi sun gusa. Wannan da sauƙi. Daga ina kunka yanka?"

"Daga nawa."

"Ta ce ku wanke?"

"Sabon dai munka wanke."

"Ka tabbata sabon ne? Ɗakina ba shi da suna in ka dube shi daga naka. Kamar hwanko yake hitowa. Kamar kilen nan."

Na nemi turmi na zauna. In ɗakinta sunka wanke, babu Mani, babu Nuhu da bulalarshi, babu kwari.

Ta ce sai an ƙwanƙwasa ɗakunan ɗaya bayan ɗaya a ga wanda zai amsa. Ta kai yatsa ta danna ɗan ƙahon da ake buɗe magana da shi, sai lamba biyar ta hito. Ta goge. Ta danna waƙahi, m ta hito. Ta danna m, wani abu mai wutsiya ya hito. Ta nemi lamba, taurari da ƙugiyoyi sunka zubo.

"Iskoki," na ce a hankali, don kar Ustaz shi ji. Ya ji, amma ranar ba shi da bakin wa'azi.

"Ba iska ba ne, Gwaggo. Madannan na'urar ga jerin Faransi gare su. Tsohon zaure kuwa jerin Ingilishi kaɗai ya sani. Abin da ke rubuce bisa madanni daban, abin da yake ji daban."

Ta shiga lalube, danna wannan, goge, danna wancan tare da wancan. Zuhwa na ɗiga daga haɓarta. In ta samu ƙaho ɗaya, kahin ta samu ɗan'uwanshi ta mance inda na hwarkon yake. Yarinyar da ke buga takarda ba ta ko duban yatsunta, yau baƙi ɗaya-ɗaya take nema. Rana kuwa ta hau, inuwar darbejiya ta tattare ta koma gindi.

Salula ta yi ƙara. Maimunatu ce. Ta ce tana tsaye tsakiyar kwarin da ƙwaryar iri a kai, ita kaɗai da yaran, ba ta da mai sara mata rami kuma maigari ya ce ita ma kar ta zuba ko ƙwaya sai an ga shaida. Ɗiyan Nuhu sun gama ɓangarensu na kusa, suna zaune gindin gawo suna duban rana. Ɗaya na wasa sungumi da dutse.

"Abdulwahabu ya taso?"

Na dubi Abdulwahabu tsugune, na dubi moto jingine.

"Shina shiri," na ce. "Ki tsaya inda kike."

Da na kashe, Ustaz ya miƙe zumbur. Ya ce na'urar Nazifi daga Sakkwato anka kawo ta, madannanta ba irin namu ba ne, kullum Nazifi na ƙorahin ba shi samun baƙaƙen Faransanci. Rumaisa'u ta ce, "Ɗauko ta. Ko ba ta kunnuwa, gani kawai nake so." Ban taɓa ganin mai ɗagaggen wando ya yi gudu irin na ranar ba. Ya dawo da ita rungume, ba Nazifi. Wai da ya ji abin da ya hwaru ya tuna shina da aike Gesheme.

Anka aje su gefe da gefe. Ta dubi ta Nazifi ta ga inda ƙaho yake, ta danna daidai wurin bisa tata. Ƙaho ya hito. Waƙahi ya hito. Ustaz ya durƙusa kusa da ita shina nuna mata da tsinke, "Ga shi nan, Yaya, jeri na ƙasa." Ta ƙwanƙwasa ɗakin hwarko, na'ura ta ce ba ta san shi ba.

"Wannan naka ne, ba komi."

Na biyu, ba ta san shi ba. Ta zo kan lambar da ɗakinta yake da, wadda ta sani tun ranar da ta raba gidan. Ba ta san shi ba. Ta ce wannan dama ta zata, sabon ɗakin karatun ne ya zauna wurin. Ta sake ƙwanƙwasa shi don ta tabbata. Ba ta san shi ba.

Ɗaya ya rage. Ta ɗora hannu bisa madannan ba ta danna ba.

"Gwaggo, in wannan ma ya ƙi, me zan ce ma Inna?"

Sai na ce, "Danna, ɗiyata. Tsayawar ma batir take ci."

Ta danna. Wasu ƴan kalmomi sunka jeru, gajeru gajeru. Ta kihwa goshi bisa gwiwa, kahwaɗunta na motsi. Na ɗauka shi ke nan, har na hwara salati, sai na ji ta ce, "Shina nan. Ɗakina na nan."

Sauran aikin gaya ma tsohon sabuwar lamba ne. Ta rubuta mishi layi, ya ƙi, ashe wata ƴar sanda mai kishingiɗa ta ɓace a tsakiya. Ta sake, Ustaz na bin kowane baƙi da tsinke. Ta ƙara layi, ta ƙara wani, ta buga kalma ta ƙarshe. Huskar ta ɗauke gaba ɗaya, har na ce ta mutu. Sai ga tsohon ya dawo zaure, shina tambaya wane ɗaki za mu, kamar ba shi ya wuni da mu ba. Ta zaɓi nata. Wajen kalmar sirri ma sai da anka ƙi ta, don hannunta ya saba da jerin Nazifi, alhali cikin ɗakinta an koma Faransi.

Lokacin nan an daɗe da sallame azahar. Ustaz ya ɗauki mabuɗin moto, Rumaisa'u ta girgiza kai. Hanyar Tudun Anza bayan ruwa, ga koramu ga laka, ko da rani ba a kai ta tsakanin azahar da la'asar. Kuma alamar batir ta yi ja. Gyaran da ta yi na shiga ɗaya ne, in na'urar ta mutu tsohon ya sake mancewa. Bidiyon kuwa ya hi ƙarhin rezo, dogo ne ƙwarai.

"A ɗauki huskar na'urar da salula," ta ce. "Wurin Nuhu kawai. Abdul, riƙe."

Ta ja bidiyon gaba. Sai ga Mani da malhwarshi, shina tahe shina dariya, shina cewa, "Rumaisa'u, ki ɗauki gawon nan da kyau, ya girme ni." Abdulwahabu ya juya kai, gemun ya jiƙe, salular ta kauce ma huskar na'ura. Na karɓe ta. Ƙanena ne, ni na goye shi, amma na ce kukana ya jira.

Amalanke ya shigo. Nuhu ya sauko, sunka tahwa, ya ɗaga bulala ya nuna gamba. Muryarshi ta hito tas: "Nan tawa ta tsaya, Mani, daga nan har kwari taka ce." Ni kuma bakina ya riga ni. Na ce, "Ka ji tsohon munahuki, mai awaki da kalme."

"Gwaggo, ya shiga ciki."

"To a sake."

Ba a sake ba. Huskar na'ura ta dushe, ta mutu.

Sauran turawa. Salular Maimunatu ƴar ƙarama ce mai madanni, ba ta karɓar bidiyo. Rumaisa'u ta kira ɗan maigari, a kashe. Ta kira malamin lekwal, ba ya shiga. Ta kira wani, ta kira wani. Ranar shuka ce, duk mai ƙahwa na daji, kuma dajin ba rezo. Ta dube ni, idanun sun ƙanƙance.

Na ce, "Ba ni nan. Kin gama naki."

Akwai Hauwa mai ƙosai. Tun muna ƴan mata ba ta taɓa taka gona ranar shuka ba, kullum bayanta ne ke ciwo. Gidanta na bisa tudu inda rezo ke kamawa, kuma ɗanta na Kwatano ya aiko mata babbar salula. Na tura mata, munka zuba ma ɗan da'irar ido shina juyawa, shina tsayawa, shina juyawa, har ya cika. Sannan na kira ta.

"Hauwa, na turo miki wani abu. Sirri ne tsakanina da ke. Don Allah kar ki nuna ma kowa, musamman matan gidan Nuhu. Maigari ma kar shi ji, sai Juma'a."

"Haba, kin san ni," ta ce. Tana magana ina jin tana neman takalmi.

Munka zauna tsakar gida mu uku. Kunun sahe ya yi sanyi cikin ƙwarya, ƙuda na bi. Anka kira la'asar masallacin unguwa. Ustaz ya yi alwala ya dawo ya zauna, ya kasa hita. Salula shiru. Rumaisa'u ta kira uwarta, ba ya shiga.

Sai da rana ta yi ja Maimunatu ta kira. Muryar ta dishe. Ta ce ɗiyan Nuhu ba su jira la'asar ba, tun inuwa ba ta gama juyawa ba sunka shiga ta gindin kwarin, sunka shuke daga kalgo har gawo, tana tsaye tana yi musu magiya. Suna cikin yi sai ga maigari a ƙahwa, rabin gari na bayanshi, Hauwa na gaba da salula sama kamar tuta, ciwon baya ya warke. Anka kunna ma Nuhu gaban kowa. Ya saurara har ƙarshe, har da zagin da na yi mishi, ya ce shi bai tuna ranar ba, amma muryar tashi ce.

Maigari ya ce abin da ya shiga ƙasa ya shiga, Nuhu shi girbe wannan bana, ba a tone hatsi. Amma gobe da sahe ɗiyanshi su dasa gamba inda bulala ta nuna, gaban shaidu, kuma daga gawo zuwa sama kar sungumin kowa shi taɓa sai na gidan Mani.

"Wajen mai laimar sosai ne sunka ci, Yaya," ta ce. "Amma abin da ya rage ya hi shi yawa. In na samu mai sara mini gobe kahin ƙasa ta bushe."

Abdulwahabu ya riga ya miƙe shina ɗaure sungumin maƙwabta bayan moto. Rumaisa'u ta ce mishi in kuran ya dawo za ta rubuta ma tsohon lambar ta zauna, ɗakin karatun kuma ba ta rushe shi, shi bar shi inda yake.

Na tambayi Maimunatu ko ta ga Mani da kyau, don hannuna ya ɗan karkace wajen ƙarshe. Ta ce ita ba ta gani ba tukuna. Mutane sun yi yawa bisa salular, ita kuma ba ta yarda ta gusa daga inda take tsaye ba, kar a ƙara mata wani layin.

"Ki ce ma Hauwa ta biyo da shi gidana in ta gama zagayen gari," ta ce. "Ba sauri. Yaran ma na son su ji muryarshi."